Buhu Ɗari da Sha Shida Ƙasa da Babu

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da na tsaya a gaban ɗaruruwan manoma, riƙe da abin magana, ina yi wa mutumin da nake neman auren 'yarsa bayanin yadda aka yi ya noma abin da bai kai babu ba. Shekaru sun ja, furfura ta cinye kaina, amma har yau in na ga an jera buhunan masara a bakin hanya sai na ji kunnuwana sun ɗau zafi.

Bari in faro daga tushe. Shekara guda ke nan da ba mu jihar Katsina, ina aiki a wani ofishin bunƙasa noma a Funtua. An tura ni kwas na wata tara a Kaduna na koyo kwamfuta, na dawo da takardar shaida da tabarau (idona lafiya lau, na dai lura duk malaman da suka koyar da mu suna sawa). Daga ranar da na dawo tafiyata ta canja. Ko gaisawa zan yi da masinja sai na ɗan yi jim, kamar mai ɗauke da wani lissafi a ka da ba ya son ya zube.

Kwamfuta biyu ofishinmu yake da su. Babbar tana Funtua, a ɗaki mai na'urar sanyi wanda sai an tuɓe takalmi ake shiga. Ƙaramar tana reshenmu na Malumfashi, an lulluɓe ta da zanen atamfa. Ba kamfani ɗaya ya ƙera su ba. Abin da aka shigar a ta Malumfashi, a faifai ake kwafe shi, in sa a aljihun gaba, in hau babur in kai wa ta Funtua ta karanta. Ni kaɗai na iya wannan a duk ofis, kuma na tabbatar kowa ya san haka.

Kowace shekara bayan an kai amfani gida, ofis yana shirya taron manoma. Ana jera sunayen waɗanda suka shiga gasar noman masara, daga mai yawan buhu zuwa mai kaɗan. Na ɗaya ya samu garmar shanu da bijimai biyu, na biyu keke, na uku rediyo. Biyar na ƙarshe kuma a kira su a ba kowa buhun taki kyauta, wai don ƙarfafa gwiwa. Ofis na ganin alheri yake yi, amma manoma sun fi tsoron buhun takin nan fiye da fari. Wanda aka ba shi sai ya shekara ana tsokanarsa a majalisa.

Wadda take haɗa jerin nan da hannu shekara da shekaru ita ce Madam Iyabo, mai buga mana tafireta. Iyayenta daga kudu suka zo suna sayar da kayan keke, amma ita a Funtua aka yanke mata cibiya, kuma in tana Hausa a bayan labule sai ka rantse daga Bakori aka auro ta. Sati biyu take yi tana aikin. Ni kuwa na shiga wurin manaja na ce a bar wa inji, minti biyar ya ishe shi. Manaja ya amince. Madam Iyabo ta dube ni ta saman tabarau (nata na gaske ne) ta ce, “To, Allah ya taimaka.”

A nan ya kamata in kawo maganar Binta, don in ba domin ita ba da abin bai wuce dariyar ofis ba. Binta malamar firamare ce a Malumfashi, mun shekara biyu muna son juna, iyayena har sun kai gaisuwa. Saura sa rana. Mahaifinta shi ne Alhaji Barau na Ƙarfi, manomin da ko a Kafur in ana maganar masara sai sunansa ya fito. Alhaji bai ƙi ni ba, amma bai gama gane ni ba. Ranar da na fara durƙusawa a gabansa ya tambaye ni abin da nake nomawa. Na ce ai ni da kwamfuta nake aiki.

“Ita me take yi?”

“Baba, lissafi take yi. Abin da mutum goma za su yi sati suna yi, kafin ka sha ruwa ta gama. Kuma ba ta ƙarya, ba ta kuskure.”

Ya daɗe yana kallona, sannan ya ce, “Ikon Allah. To bari a kai amfani gida, a yi taron nan naku, sai a yi maganar rana.” Na fito ina ganin na burge shi.

Yanzu sai ku ɗan yi haƙuri da ni in yi bayanin abin da ya kashe ni, ba shi da tsawo. A cikin kwamfuta kowace lamba sai an yanka mata gurbin da za ta zauna. Akwai babban gurbi, akwai ƙarami. Mafi ƙanƙanta yana ɗaukar lamba daga sifili zuwa ɗari biyu da hamsin da biyar, ba ya wucewa. Da na zo rubuta umarnin da injinan za su bi, sai na ba yawan buhun kowane manomi wannan ƙaramin gurbi. Na ce don a yi tattalin wuri a faifai ne, amma gaskiyar magana so nake a ga na iya tattalin. Umarni iri ɗaya na rubuta, na zuba wa ta Malumfashi, na zuba wa ta Funtua. A tunanina tunda magana ɗaya na faɗa musu, ji ɗaya za su yi.

Madam Iyabo tana tsaye a bayana ina yi mata wannan bayani, ba don ta tambaya ba. Sai ta ce, “To in wani ya noma da yawa fa?”

Na yi dariya irin ta masu ilimi. “Madam, ke 'yar birni ce, ba ki san manomi ba. Ni ɗan manomi ne. Mutum ko ya cika sito uku, in ka tambaye shi zai ce an dai samu na tuwo. Tsoron baki, tsoron haraji, tsoron dangi. Wa zai yarda a rubuta masa ko da buhu ɗari a takardar gwamnati?”

“Na ji. Amma ka gwada babbar lamba a injin nan na Funtua, ko don hankalina ya kwanta.”

Na ce zan gwada. Na kuwa gwada: goma, ashirin da biyar, sittin. Sittin ɗin shi ne mafi yawan abin da mahaifina ya taɓa samu, don haka a wurina nan duniya ta ƙare. Duk suka fito daidai, na rufe inji na tafi cin tsire.

Abin da ban sani ba shi ne, a wannan shekarar ofis ya hana malaman gona tambayar manomi da baki. An ce su shiga sito su ƙirga buhu da kansu. Takardar sanarwar ta zo teburina, kuma ta yi mini amfani ƙwarai, don a kanta na riƙa ɗora kofin shayi.

Sai kuma na ƙara wa kaina wani aikin. Duk ofis an san ina neman 'yar Alhaji Barau, har an fara raɗe-raɗin cewa ai bijimai sun riga sun san hanyar Ƙarfi, tunda suruki ne ke riƙe da inji. Abin ya ɓata mini rai. Na tashi na rantse cewa ba zan kalli lamba ko ɗaya ba. Akawun Malumfashi shi ya shigar da alƙaluman, ni dai na ɗauko faifai na kawo. Da firinta ta fara ƙara tana fitar da jerin, na juya mata baya kamar mai jin kunyar surukai. Madam Iyabo ta yage takardar ta ce, “Bari in ɗan leƙa, ido ɗaya.”

“Madam, ko rabin ido. A naɗe a sa a ambulan, manaja ya sa hannu a baki. A gaban jama'a za a buɗe.”

Ta naɗe ta liƙe. Na ji kaina kamar alƙali.

Ranar taro, tun da hantsi filin wata makarantar firamare a Malumfashi ya cika. An kafa rumfuna, an ɗaure bijimai biyu a gindin darbejiya, garma sabuwa fil tana ƙyalli a gefensu. Binta tana can da 'yan ajinta da aka jera don su yi waƙar maraba. Alhaji Barau ya iso cikin farar babbar riga da ta sha bugu, mutanen Ƙarfi cike da motoci biyu a bayansa, har da makaɗi wanda aka ce ya riƙe hannunsa sai an kira suna. Na je na durƙusa na gaishe shi. Ya ce, “Malamin inji, yau za mu ga aiki.” Na ce in sha Allahu. Ni kuma na yi shigar safari mai ruwan toka, biro uku a aljihu.

Aka yi addu'a, aka yi jawabai, manaja ya gaya wa jama'a cewa bana ba hannun mutum a cikin sakamako, kwamfuta ce ta yi, ya nuna ni, na tashi na ɗaga hannu ta kowane ɓangare. Sannan aka miƙa ambulan ga Malam Isiya, mai gabatar da taro, mutumin da ko ba lasifika ana jinsa daga tasha.

“Na ɗaya! Malam Tanimu na Tsiga, buhu ɗari da ashirin da ɗaya!”

Mutanen Tsiga suka yi sowa, amma shi Malam Tanimu bai tashi da wuri ba. Na ga ya waiga yana duban inda Alhaji Barau yake. Makaɗin Ƙarfi ya sauke hannun da ya ɗaga. Ni kuwa a raina cewa na yi, to ai shi ke nan, Alhaji ya ɓoye wa malamin gona gaskiya kamar yadda na faɗa, zai zo na biyu. Aka kira na biyu, ba shi ba ne. Aka kira na uku, wani ne daga Kafur. Nan na fara gyara zama.

“Saura 'yan'uwanmu biyar da za a ƙarfafa wa gwiwa,” in ji Malam Isiya. Ya kira mai buhu tara, mai bakwai, mai shida, mai huɗu. Kowa ya fito kansa a ƙasa, leburan ofis ya dire masa buhun taki a gaba. Sai Malam Isiya ya kai ƙasan takarda. Ya tsaya cak. Ya matso da ita kusa da ido, ya nisanta ta. Da ma ya haɗiye, da an rufa mini asiri, amma Malam Isiya bai taɓa haɗiye magana ba tun da aka haife shi.

“Na ƙarshe duka... Alhaji Barau Ƙarfi!”

Fili ya yi tsit, har kana jin bijimai suna tuƙa.

“Buhu ɗari da sha shida. To amma jama'a, akwai wani ɗan layi a kwance a gaban lambar, ni ban san shi ba. Ina malamin kwamfuta? Zo ka warware mana.”

Na tashi na isa wurinsa. Na karɓi takarda na duba, ga ɗan layin nan kuwa ɓaro-ɓaro. Mai hankali a nan cewa zai yi an samu tangarɗa, a ba mu lokaci. Amma an tambaye ni abin da na sani a gaban jama'a, kuma wata tara na yi a Kaduna ina jiran irin wannan rana. Bakina ya riga hankalina. Na kafa baki a abin magana na ce, “Wannan alamar ɗebewa ce. Ma'anarta lambar tana ƙasa da sifili.”

“Ƙasa da me?” in ji Malam Isiya.

“Ƙasa da... babu.”

Lasifika ta ɗauki maganar ta kai ta har bakin kasuwa. Alhaji Barau ya miƙe a hankali, ya gyara hannun rigarsa. Bai ɗaga murya ba, amma kowa ya ji.

“Malamin gona ya shiga sitona, ya ƙirga ɗari da arba'in a gabana, ya rubuta. Yanzu kai ɗan nan, so kake ka ce ni Barau, bayan ban noma komai ba, sai da na kwashi buhu ɗari da sha shida na kai gona na binne?”

Jama'a, ga inda nake so ku tausaya mini, ko da yake ban cancanta ba. Gumi ya karyo mini, idona ya rufe, sai abin da na saba faɗa ya fito da kansa. Na ce, “Baba, ai inji ba ya ƙarya.”

Dariyar da aka yi ban taɓa jin irinta ba. Wani tsoho sai da aka riƙe shi. Ana cikin haka leburan nan, bawan Allah mai bin umarni, ya saɓo buhun taki na biyar ya zo ya dire shi a gaban Alhaji Barau, har da ɗan russunawa. Alhaji ya dubi buhun, ya dube ni, ya sa takalminsa ya nufi mota. Mutanen Ƙarfi suka bi shi ɗuu. Na hango Binta ta rufe fuska da rajistar aji. Na roƙi ƙasa ta tsage in shige, ta ƙi.

Malam Tanimu ne ya ceci abin da ya saura na mutuncin taron. Ya zo gaban manaja ya ce, “Ranka ya daɗe, ni na ga masarar Alhaji da idona tun tana gona. Shanun nan ba nawa ba ne, ba zan ja su in kai Tsiga a yi mini dariya ba.” Aka dakatar da rabon kyauta. Manaja kuwa kallo ɗaya ya yi mini, na hau babur.

Da la'asar ina zaune a ɗakin sanyi ina zufa, Madam Iyabo ta shigo ta jawo kujera. Na zaci za ta ce ai na faɗa maka. Ba ta ce ba, kuma da ta faɗa da ya fi mini sauƙi. Cewa ta yi, “Sa masa ɗari da ashirin da shida.” Na sa, ya fito daidai. “Ƙara ɗaya.” Daidai. “Ƙara ɗaya.” Na sa ɗari da ashirin da takwas, sai ga ɗan layin nan ya fito a gaban lamba, yana kallona.

Na jawo littafin injin, wanda tun da aka kawo shi ban buɗe ba sai don in kashe sauro, na yi ta bincike har na samu wurin. Ashe ƙaramin gurbin nan, kowane inji da yadda yake ɗaukarsa in ba ka fayyace masa ba. Na Malumfashi yana ba lambobin sama da sifili gurbin gaba ɗaya, har zuwa ɗari biyu da hamsin da biyar. Na Funtua kuwa raba shi yake biyu: rabi na sama da sifili, iyakarsa ɗari da ashirin da bakwai, ɗaya rabin na ƙasa da sifili. Duk lambar da ta haura iyakar nan sai ta zarce ta faɗa rabin ƙasa. Haka ɗari da arba'in ɗin Alhaji ta bar Malumfashi lafiya lau a aljihuna, ta iso Funtua ta koma ɗari da sha shida ƙasa da babu. Shi kaɗai ne a gasar ya noma abin da ya kai ya faɗa ramin. Kalma ɗaya tak ya kamata in ƙara a umarnin, wadda za ta gaya wa kowane inji cewa buhu ba ya yin ƙasa da sifili. An koya mana ita a Kaduna. Ina jin ranar ina can ina zaɓen tabarau.

Madam Iyabo ta saurara har na gama, ta ce, “Wato kowane inji da mudunsa. Ka auna da na Malumfashi, ka zo ka juye a na Funtua, ba ka tambaya ba.” Na ce haka ne, Madam. Gyaran bai ci minti ɗaya ba.

Ofis ya kai wa Alhaji bijimai da garma har gida, da takardar ban haƙuri. Ya karɓa ya yi godiya. Maganar rana kuwa shiru. A Ƙarfi an riga an raɗa mini suna, Ƙasa-da-babu, kuma na ji labarin in an gaishe da Alhaji a masallaci sai wani ya ce, “Alhaji, an tono na binnen?” Mutumin da bai saba a yi wasa da shi ba. Na daina cin abinci sosai, don na tabbata na rasa Binta, kuma ba wanda zan ɗora wa laifi. Kwana goma sai ga 'yar wasiƙa daga wurinta, layi biyu: “Baba ya ce ba ya son ganin mai tabarau. Ka tura Kawu, kuma ka cire tabarau ɗin.”

Kawuna ya je ya ba da haƙuri, ya dawo da saƙo. Alhaji ya ce in zo ranar Asabar da sassafe, kuma kada in sa kayan kirki.

Na isa na tarar an shimfiɗa masa tabarma a ƙofar sito, ga ƙaninsa a tsaye, wani ƙaƙƙarfan mutum da ba ya magana. Na durƙusa. Alhaji ya ce, “Ka ce injinka ba ya ƙarya. Ni ma sitona ba ya ƙarya. Ɗaya daga cikinsu dai ya yi. Ku fito da su waje ɗaya bayan ɗaya, kana ƙirgawa da ƙarfi yadda maƙwabta za su ji.”

Ƙaninsa ya kama kunnen buhu biyu, na kama biyu. Ni da rabona da ɗaukar abin da ya fi faifai nauyi tun ina sakandare. A buhu na ashirin tafin hannuna ya saɓule. A na hamsin na daina jin bayana. A na tamanin na fara yi wa mahaifina addu'a, da bai taɓa wuce sittin ba. Aka yi azahar, aka ba ni fura, muka koma. Zuwa lokacin rabin unguwa sun taru, mata suna leƙe ta saman katanga.

“Ɗari da ashirin da bakwai!” na faɗa da 'yar muryar da ta rage.

“Tsaya,” in ji Alhaji. Ashe Kawu ya kwashe bayanin da na yi masa kaf ya kai masa. Ya juya ga jama'a ya ce, “To ku matsa baya, nan ne wurin. Yanzu zai ɗauko na gaba, mu gani ko sauran za su nutse cikin ƙasa.”

Muka ɗauko, muka dire. Na ce, “Ɗari da ashirin da takwas.” Alhaji ya tashi ya zagaya tarin buhunan, ya taɓa wannan, ya taɓa wancan, ya ce, “A'a, suna nan.” Aka fashe da dariya, har ƙanin nan da ba ya magana. Wannan karon ni ma na yi, don na ga gefen bakin Alhaji ya motsa.

Muka cike ɗari da arba'in daidai la'asar. Jama'a suka watse. Ina zaune a ƙasa ina haki, sai Alhaji ya ce, “To yanzu an gyara injin?” Kun san hali ba ya barin mai shi. Na ji ƙarfi ya dawo mini, na ce, “Baba, an gyara tsaf. Yanzu har ɗari biyu da hamsin da biyar yake ɗauka. Ai duk ƙasar nan ba manomin da zai wuce haka.”

Ya dube ni irin duban ranar farko. Sannan ya ce, “Taso.”

Na bi shi muka ratsa tsakar gida, muka wuce turken shanu, har wani lungu da aka jingine zana a bango. Ya janye zanar, sai ga ƙofa. Ya buɗe. Buhunan masara ne tun daga ƙasa har rufi.

“Ɗari da ashirin ne, ba sai ka ɗauka ba,” in ji shi.

Na haɗa a ka: ɗari biyu da sittin. Ya wuce gurbin nawa gaba ɗaya, har da gyaran. Da wannan lambar aka shigar, inji zai cika ya zagayo ya fara daga farko, ya ba Alhaji Barau buhu huɗu. Da dai buhun takin nan bai wuce shi ba. Na tsaya baki buɗe, ga abu ɗaya da na canka daidai a duk lamarin, cewa manomi ba ya nuna iyakarsa, shi ma ya juyo ya mare ni.

Alhaji ya mayar da ƙofa ya rufe, ya jingine zana. Ya ce, “Malamin gona bai ga wannan ba. Ɗan gida kaɗai ke ganin ɗakin nan.” Ya yi gaba, ya bar ni ina juya maganar. Sai da ya kai turken shanu ya waigo. “Ka ce wa kawunka ya zo ran Juma'a a sa rana. In kuwa na ji labarin ɗakin nan a bakin injinka, kai da buhunan za ku kwana.”

Wallahi hawaye ne suka zubo mini, na ce ƙaiƙayin masara ne.

Na riƙe amanar har Allah ya yi masa rasuwa, yanzu ma awaki ne a ɗakin, shi ya sa na faɗa. Ranar Litinin da ta biyo bayan ɗaukar buhunan kuwa na faɗaɗa gurbin nan yadda ko duk masarar Funtua aka zuba zai ɗauka, na kuma kira Madam Iyabo ta zaɓi lambobin gwaji da kanta. Abin da na koya bai taka kara ya karya ba, amma da fatar hannuna na saye shi: in ka faɗa wa biyu magana ɗaya, ka bi kowanne ka ji abin da ya ji, kuma kada ka auna abin mutane da iyakar abin gidanku. Cika bakin ne dai ban gama rabuwa da shi ba. Har yau in na zauna cikin jikoki na fara ba su labarin yadda muka kawo kwamfuta ƙasar nan, murya tana hawa, sai in ji Binta daga madafa ta ce, “Malam, ɗari da ashirin da bakwai.”

Nan nake tsayawa.